Lambar PONCE 1

Mai gwanjo bai gama ɗaga lambar motar ba wani babban mutum a garin Ponce, Don Heriberto, ya cilla hannu sama, hannun nan mai karkatattun yatsu biyu. PONCE 1. Bangon garejinsa cike yake da lambobin mota na alfarma, amma wannan ce ta hana shi barci shekara da shekaru, don kuwa a jikin baƙar motar Efraín Rosado take.

Ya taɓa taya ta sau ɗaya. Efraín ya yi dariya, ya sa yaransa suka danne shi, ya datse masa yatsu da ƙofar mota a gaban jama'a. Heriberto bai kai ƙara ba. Shi dai ba ya mantuwa.

Watan jiya aka tsinci motar Efraín a hanyar garin Adjuntas, harsashi ya yi mata kaca-kaca, wuta ta cinye saura. A rufe aka binne akwatin, ba wanda ya ga gawar. Furen da Heriberto ya aika ya fi na kowa girma, kuma ranar ya ci abinci har da ƙari, a zatonsa kuɗin da ya biya sun yi aiki.

Yanzu ga matar mamacin, Doña Milagros, cikin baƙaƙen kaya a layin gaba. Ga lambar tana sheƙi, ko ɗigon baƙi babu a jikinta, kamar ba ta taɓa ganin wuta ba.

"Haba Heriberto, ka bari kabari ya bushe mana!" wani ya faɗa daga baya.

"Gawa tana tuƙi ne, ɗan'uwa?" ya ce. Aka kwashe da dariya.

Duk wanda ya taya sai ya ninka masa, har kowa ya sauke hannu. Da aka buga guduma, daɗi ya kusa kashe shi.

Milagros ce ta miƙa masa da hannunta. "Ranka ya daɗe, mijina yakan ce in ba a jikin mota take ba, ƙarfen banza ce. Kar ka rataye ta a bango."

"Yau ɗin nan za ta sha iska, Doña."

Yana fita ya ji ta raɗa a waya, "Ya saya, masoyina." Ya yi murmushi. Oh, mata! Tun yanzu har an samu wani.

A filin ajiye motoci ya durƙusa cikin rana, ya ɗaura lambar da kansa a baƙar jif ɗinsa mai duhun gilashi. Takardu sa biyo baya. Ya sallami direba, ya kunna kiɗa, ya zagaya dandalin gari sau biyu a hankali, yadda kowa zai gani.

A danja ta biyu babur ya tsaya a gefensa, mutum biyu da hular kwano. Na bayan ya sunkuya ya duba lambar, ya ɗago.

Gilashin ya tarwatse a fuskar Heriberto. Harsashin farko ya farfasa masa kafaɗa, na biyu ya shiga wuya. Motar ta gangara ta daki turken fitila, kiɗa na tashi, mutane na ihu suna gudu. Ya buɗe ƙofa ya zubo kan kwalta, jini na bulbulowa ta tsakanin karkatattun yatsunsa. Ya so ya faɗi sunansa, sai kumfa.

Maharbin ya sauko ba gaggawa. Irin waɗannan ba sa sanin fuskar wanda ya sa su aiki, ba sa sanin ta wanda za su kashe. Lamba kawai ake ba su. Ya taka ƙirjin Heriberto, ya saita bindiga, ya kara waya a kunne, ya kira ɗan tsakanin da ya ba su aikin.

"Ka gaya wa Don Heriberto ya yi haƙuri da jinkiri. Tun watan jiya muke jiran lambar nan ta fito titi, sai yau."