Minti Ashirin da Malam Tsukuda

Ɗana Shinya ba ya nan. Shekara huɗu ke nan tun safiyar Talatar da ya fita aiki ya bar rabin shinkafarsa a kwano. Ya ce mini, "Inna, na gaji." Ina tsaye ina matse awara, ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Daure mana, kowa a gajiye yake." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Shi ya sa na rufe shagon awarar, ina da shekara sittin da ɗaya, na shiga kwas ɗin masu sauraron mutanen da damuwa ta yi wa yawa. Wata takwas ake yi. Wanda ya ci, cibiyar garinmu ta ɗauke shi aiki. Ajin yana jikin tashar jirgin ƙasa, amma ni bas biyu nake hawa kafin in isa.

Ban wuce ƙaramar sakandare ba, duk da haka na haye rubutacciyar jarrabawa. Ta aikin ce ta gagare ni. Ana zaunar da mutum biyu, a miƙa wa ɗaya kati mai labarin wani mai damuwa, ya zama shi. Ɗayan ya saurara minti ashirin. Ba shawara, ba wa'azi, ba cike shiru da surutu. Dama uku ake ba kowa.

Wanda aka haɗa ni da shi Malam Tsukuda ne, wani siririn mutum mai furfura. Da keke yake zuwa ko ana ruwa, kuma bai taɓa makara da daƙiƙa ɗaya ba. Kafin ya ƙetare ko da barandar aji ce, sai ya nuna dama da yatsa, ya nuna hagu, ya nuna gaba, yana motsa baki. 'Yan matan ajin suka sa masa Baba Nuni. Ranar farko da na ce sunana Kuramochi Tomie, ya rusuna ya daɗe bai ɗago ba, har kunya ta kama ni.

Gwajin farko, ya karanta katin, ya ajiye, ya yi gum. Na jure minti biyu, sannan na ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?" Na faɗi gwajin.

Gwaji na biyu ma haka ya zauna yana kallon gwiwarsa. Raina ya ɓaci, ban san sanda bakina ya ce, "Ka daure mana," ba. Malama Ogiwara mai koyar da mu, wadda ko shekarun Shinya ba ta kai ba, ta tsayar da agogo.

"Goggo Tomie, wannan kalmar ko a mafarki kada ki sake faɗa wa mai damuwa."

Kamar ni ce ban sani ba. Na koma gida na zauna gaban hoton Shinya, ko turaren da muke kunna wa mamata na kasa kunna masa.

Washegari na tare ta a bakin ofis.

"Malama, a canza mini mutum. Dutse kika ba ni. Shekara talatin ina sayar da awara, ko mai ciwon haƙori ya shigo shagona sai ya yi hira."

"Shi ya roƙa a haɗa ku, Goggo."

"Ya roƙa? Don ya kayar da tsohuwa?"

"Watakila ke ma ki gwada rufe baki, ki ga abin da zai faru."

Na soya awara na kai masa ko zai sake. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Bai kamata in ci wannan ba." Ya naɗe ta, ya tura a jaka. Har yau ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba.

Gwaji na uku, da la'asar. In na faɗi, shi ke nan, na rufe shago a banza. Na zauna a kan hannuwana, na cije harshe. Ya kife katin bai karanta ba. Minti uku. Minti biyar. Gumi ya jiƙa mini baya.

A minti na bakwai ya ɗaga yatsa ya nuna gabansa.

"Shekara ashirin da shida ina aikina," in ji shi. "Ranar ma na yi yadda aka koya mana. Na nuna, na faɗa da baki, komai daidai. An yi bincike, aka ce ba laifina ba ne. Aka ba ni hutun kwana uku. Ban sake komawa ba. Duk wanda na fara gaya wa, sai ya ce in daure." Ya ɗago ya dube ni. "Safiyar Talata ce."

Ya sauko daga kujera, ya ɗora goshinsa a ƙasa. Ya yi ta magana daga nan, ni kuwa har lokacin ya cika ban ce uffan ba.

Malama Ogiwara ta tafa sau ɗaya. "Goggo, wannan shirun nake nema tun wata takwas. Ina kika ɓoye shi? Malam Tsukuda, kai ma ka iya wasan nan."

Ban gaya mata ba ƙwarewa ba ce. Bakina ne ya mutu.

Ranar Litinin zan fara aiki. Jiya na kai masa awara gidansa, ya ci guda biyu a gabana.

Mai karatu, kowa da irin addu'arsa, ka taya ni da taka. Allah ya ba Shinya hutun da na hana shi. Allah ya riƙe mini harshena in mai damuwa ya zauna gabana. Allah kuma ya mayar wa Malam Tsukuda barcinsa, direban jirgin da ɗana ya faɗa gabansa.