Dogon Mai Tukunyar Gas

Sunan dattijon da ke shugabantar mazauna benen nan na unguwar Pantai Dalam, can ƙasar waje, ya kuɓuce mini, haka ma hawa nawa benen yake. Na dai san dogo ne, don na taɓa hawa da ƙafa na yi nadama. Mu ce masa Pak Haji, kowa ma haka yake kiransa. Sauran labarin yana nan, in kun yi haƙuri da ni.

Pak Haji ne ya tare Muntasir a ƙofar masallaci. Muntasir sakataren ƙungiyar ɗaliban Najeriya ne, ɗan birni, kuma tarihi yake karanta, saboda haka magana in ta shafi tarihi ba ya bari ta faɗi ƙasa. Dattijon ya ce za su kafa allon tarihin unguwa a bikin ranar 'yancin ƙasa, kuma akwai gurbi guda da suka bari. Lokacin kullen korona lif ɗin benen ya lalace, tsofaffi suka maƙale a sama. Sai ga wani baƙin mutum dogo, kullum da safe yana saɓa tukunyar gas da buhun shinkafa yana kai musu har ƙofa. Ba wanda ya ga fuskarsa, saboda takunkumi. Suna son sunansa da hotonsa kafin Asabar, in ba haka ba za su cike gurbin da hoton sabon lif.

Muntasir ya dafa ƙirji ya ce an gama. A ransa kuwa cewa yake, yau baƙar fata zai shiga tarihin ƙasar wasu, ba za a ce a hannunsa abin ya zube ba.

Ya fara cigiya a shagon mamak, inda 'yan Najeriya ke shan shayi. Bai rufe baki ba Tajuddeen ya ɗaga hannu, bakinsa cike da gurasar roti, ya ce shi ne.

Aka kwashe da dariya. Tajuddeen nan shi ne ya ce ya taɓa korar biri da kallo kawai, shi ne kuma ya ce wani farfesa ya yi kuka da ya karanta babi na biyu na kundin digirinsa. Alfred, wani ɗan Jos da ke zaune gefensa, ya tambaye shi ko tagwayen benayen tsakiyar gari ma shi ya ɗora musu bulo.

"Ku yarda ko kar ku yarda, lah," in ji Tajuddeen da salon maganar 'yan ƙasar, ya ci gaba da taunarsa.

Alfred ne ya tuna da Goggo Murja. Bafulatanar Adamawa ce, ta zo wa 'yarta Bashira wankan jego kulle ya rutsa da ita a benen, daga nan kuma jikoki suka riƙe ta. An ce a ƙofarsu dogon yake tsayawa ya sauke takunkumi ya sha ruwa.

Muntasir ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce ƙwarai ta san shi, kullum tana ganinsa. Ya gyara zama ya tambayi sunansa. Goggo ta dubi bango ta ce wani ne can mara aikin yi, wanda ko takalminsa bai iya ajiyewa daidai ba. Ya sake tambaya, ta tura masa kwanon dambu. Ya roƙe ta don Allah, ta ce ruwa zai sauko, ya kamata a kwashe shanya.

Da dabara ta ƙare masa sai ya ce, "Goggo, ko Tajuddeen ne?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ɗan nan, ci dambunka. Ni ban san masu irin wannan suna ba."

Ya fito yana murmushi, ko ba komai ya kama maƙaryaci. Da ya gaya wa Tajuddeen a gaban jama'a cewa Goggo Murja da bakinta ta ce ba ta san shi ba, sai Tajuddeen ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ranar ce aka fara ganin bakinsa a rufe. Alfred ya ce a rubuta wannan ma a allon.

Juma'a ta yi, babu dogo. Muntasir ya kasa jure tunanin hoton lif. Ya je ya shawo kan Pak Haji cewa a ɗauki wani a madadin mutumin, da takunkumi, a rubuta "Wani ɗan Afirka" a ƙasa. Da aka duba kaf ƙungiyar, masu tsayi biyu ne, shi da Tajuddeen, kuma ba zai ba maƙaryaci wannan daraja ba.

Aka kawo tukunya cike. Muntasir ya ɗaga ta zuwa gwiwa, bayansa ya ce ƙas. Mutum biyu suka ɗora masa a kafaɗa, aka ɗauki hoton da sauri idanunsa sun firfito. Ya shiga kiran a sauke masa. Tajuddeen ya ajiye shayinsa, ya karɓe ta da hannu ɗaya, ya tambayi Pak Haji hawa na nawa za a mayar, ya kama matakala ko waiwayen lif bai yi ba.

Ranar biki Muntasir ya zo da sanda. An tafa masa sosai, wata tsohuwa har da hawaye, ta ce ta gane idanun. Hoton yana nan har yau kusa da akwatunan wasiƙa, in ba su sake fenti ba.

Da yake ban cika amincewa da kaina ba yanzu, sai da na je na tambayi Bashira, na sake tambayar mijinta daban, bakinsu ya zo ɗaya: dogon dai Tajuddeen ne. Goggo ba ta taɓa kama wannan suna ba tun ranar da aka raɗa shi, kamar yadda matan garinsu ke yi, domin Tajuddeen ɗanta ne na fari.