Kurar Mai Kulob

Tun kafin a jefa ƙwallon farko na kakar bana Mai Kulob ya kori Baba Koci. A bakin filin atisaye ya yi abin, gaban 'yan wasa, don kawai dattijon ya ce masa sayar da tayoyin mota daban, ƙwallon kwando daban. Bai tsaya nan ba, sai da ya kira masu gadin zauren wasa ya gargaɗe su: duk wanda ya bar tsohon nan ya taka ƙofar, a bakin aikinsa.

A gurbinsa ya ɗora ɗan ƙanwarsa, wani saurayi mai sanyin hali da bai taɓa horar da ko 'yan makaranta ba.

"Kawu, anya zan iya?" in ji saurayin.

"Mene ne a ciki? Ka ce su jefa a kwando."

Kuraye, sunan ƙungiyar ke nan, suka sha kashi a wasanninsu na farko a gasar ƙasa. Jaridu suka yi ta zolaya, 'yan kallo suka fara janye jiki. Ana cikin haka kyaftin ya kawo shawarar a samo mai shigar kura, irin wanda ke rawa a gefen fili, ko jama'a za su dawo. Ya ce yana da mutum. Mai Kulob ya yarda, tunda an ce ba sai ya biya ba.

Kurar ta zo da ƙaton kai na soso da haƙora a waje. Ba ta magana, sai rawa. Tana ɗingishi a ƙafar hagu, jama'a suka ce ta iya kwaikwayon kura ta gaske. A ranar farko ta hango Mai Kulob a kujerarsa ta alfarma, ta turo ciki gaba, ta goya hannu a baya, ta yi tafiyarsa sak. Zaure ya ɗauki dariya. Ransa ya ɓaci, ya ƙudura korarta da an tashi. Sai ga shi ranar sun ci.

Wasa na gaba ma suka ci. Na bayansa ma haka.

Abu ɗaya ke damunsa: shashancin ɗan ƙanwar nan tasa. Wasa ya yi zafi, maki kunnen doki, amma yaron ya saki baki yana kallon kura tana shafa kai, tana tafa cinya, tana juya jela. Sai ta gama shirmenta zai farga ya canja ɗan wasa.

"Kallon rawa na ɗauke ka yi?" Mai Kulob ya daka masa tsawa wata rana.

"Yi haƙuri, Kawu. Tana kwantar min da hankali ne."

A tsakiyar kaka kura ta kwanta zazzaɓi. Wata ƙungiya da ke can ƙasan teburin gasa ta zo har gida ta yi musu dukan kawo wuƙa. Nan Mai Kulob ya gano bakin zaren: kurar nan ita ce sa'arsu. Ya ba da umarni duk inda za a je wasa a tafi da ita, a kujerar gaba. Kullum a shirye take shiga mota, da kanta da jelarta. Ya lura samarin nan dogaye har rusunawa suke yi in za su wuce ta, ya yi dariyar camfin 'yan wasa, shi da ya fara shafa mata hanci kafin kowane wasa.

Matar Baba Koci kuwa ba ta fashin zuwa. Tana zama kusa da ƙofar ɗakin canja kaya da kwanon abinci a cinya. Mai Kulob ya san roƙo ya kawo ta, don haka yakan kau da kai ya wuce.

Wasan ƙarshe ya zo. Zaure ya cika har tagogi. Ana dab da tashi Kuraye na baya da maki ɗaya, ƙwallo a hannunsu, yaron nan kuma ya sake ƙura wa kura ido. Ita ko ta faɗi ƙasa ta yi birgima, ta miƙe tana nuna kusurwa. Mai Kulob ya dafe kai. Sai ya ga an sako wani siririn ɗan benci da ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba. Ɗan bencin ya zame can kusurwa, aka miƙa masa, ya saki ƙwallo. Ta shige raga daidai da ƙarar tashi.

Da aka kawo kofi, Mai Kulob ya ƙwace lasifika. Ya ce yau duniya ta ga wanda ya san ƙwallo. An ce ya yi wauta da ya kori tsoho, to ina tsohon yake yanzu? Yana gida yana sauraro a rediyo. Daɗi ya kwashe shi, ya jawo kura ya rungume.

"Wanda ke cikin kayan nan, ko wane ne, ya faɗi aikin da yake so a kulob ɗin nan, na ba shi har iya rayuwata. Jama'a, ku ne shaida."

'Yan wasa suka sunkuyar da kai, suna danne dariya. Ɗan ƙanwarsa ya ɓuya bayan kyaftin. Kura ta sa hannu biyu ta cire ƙaton kan, ta ajiye shi a hankali kusa da kofi.

Baba Koci ya share gumi daga furfurarsa, ya karɓi lasifikar ya ce, "To, ranka ya daɗe, a maida ni bencina na koci. Kaka guda ina horar da yaran nan da jela, gwiwata ta gaji."