Shaidar Maƙeri a Tsinin Roka

Ɗauke kan ƙarfen nan daga kan siminti, Jafaru, ka zo ka zauna. Na ji ka ce 'yar ƙarzuwa ce a tsinin, wai ba komai. Shekara talatin ina gwajin iska a ɗakin nan, ba maganar da ke tayar mini da tsigar jiki irin "ba komai". Bari in ba ka misali.

An yi wani maƙeri da ya gaji ƙira tun kaka da kakanni, daga baya ya koyi aiki da injin fiƙe ƙarfe, har ya zama ba mai kama ƙafarsa wajen fitar da tsini. Da guminsa 'yarsa ta yi karatu, ta zama injiniya a wata cibiya mai ƙera ƙananan rokoki da ke kai na'urar auna yanayi sama. Roka kuwa ka san ta, doguwa ce siririya, kanta a fiƙe. Da aka tashi neman mai fiƙe kan, ita ta ce a ba mahaifinta, don ta san hannunsa. Ya fiƙe guda biyu sumul, har kana ganin fuskarka a jiki. To, a gidansu duk abin da ya fito daga maƙera sai an yi masa shaida, 'yar tsaga guda, fartanya ce ko wuƙa. Tsoho ya ce abin da zai tafi sama da sunan 'yarsa ai ba ya tafi ba shaidar gida ba. Ya ɗauki magagari ya ja sau ɗaya dab da tsinin kowanne, tsagar ko tsawon ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Bai gaya wa kowa ba, a wajensa albarka ce ya sa mata.

Ranar da aka harba, akwai iska daga gefe. Roka ta tashi, ba ta gama ɗaukar gudu ba iskar ta bugo ta a kaikaice, sai kawai ta karkace kamar an fizge ta da igiya, ta wuntsila ta tarwatse a fili. Aikin shekara uku ke nan a ƙasa, mutane tsaye baki buɗe. Kwamitin bincike ya ce lissafin fikafikan da ke daidaita rokar ne ya ɓaci, lissafin kuwa na 'yar maƙerin ne, aka ba ta mako guda ta kare kanta ko ta ajiye aiki. Sai ta ɗauko kan na biyu ta ɗaura a kan samfurin roka marar fiffike ko ɗaya, ta kafa shi a bututun gwajin iska irin wannan namu, aka saki hayaki don a ga inda iska ke bi. Kwamiti na tsaye, tsoho ma ya sa babbar rigarsa ya zo taya 'yarsa tsayawa. Da iska ke bugowa ta gaba sak, lafiya lau. Ta ɗaga kan kaɗan, 'yan guguwa biyu suka fito ta bayan tsinin, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai wa daida kamar tagwaye. Ta ƙara ɗagawa sosai. Wallahi Jafaru, nan take guguwa ɗaya ta lafe a jikin ƙarfen, ɗayar ta saki ta yi sama, samfurin ya fizgu hagu har abin da ke riƙe da shi yana karkarwa. Ta kashe iskar, ta murza kan rabin zagaye, ta sake kunnawa, sai ya fizgu dama. Ƙarfe zagayayye, kowane gefe ɗaya, ina ya samo hagu da dama? Ashe idan siririn abu ya karkata wa iska sosai, guguwar nan biyu ƙiris suke jira, kuma ƙiris ɗin da ya taɓa su a tsini girma yake yi yana bin jiki har ƙarshe.

Ta shafa tsinin, farcenta ya maƙale. Ta duba, nan take ta gane tsagar: irinta ce a jikin wuƙar da uwarta ke yanka albasa. Shugaban kwamiti ya tambaye ta me ta gani, ita kuwa ta gwammace aikin ya tafi da ta tona asirin mahaifinta. Tsoho ya matso ya leƙa, sai ya zauna daɓas a ƙasa da babbar rigarsa. Da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafin yarinyar nan daidai ne. Hannuna ne." Ita ta tsira da aikinta. Shi kuwa har ya koma ga Allah bai ƙara ɗaukar magagari ba.

Saboda haka kai wannan kan a sake fiƙe shi, kada in ƙara ganin ka ajiye tsini a ƙasa. Ba banza Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido ba.