Gansakukar Randar Abarshi

Da asuba Abarshi ya buɗe randar ruwan shansa, ya tarar da 'yan tarwadarsa sun juya ciki sama. Don gudun guba yake kiwonsu a ciki, in sun mutu to an zuba wani abu.

"Wa ya shigo ɗakin nan jiya?"

"Ƙanenka Ja'afaru," in ji matarsa Furera.

Dama Abarshi da ƙanen nasa suna rigimar gonar gado. Aka kirawo Ja'afaru, ya durƙusa yana rantsuwa: "Wallahi Yaya, gaishe ka na zo yi!" Abarshi bai saurare shi ba. Ya sa aka ɗaure shi, aka kai shi tsakiyar daji aka bari. Rigarsa kawai mafarauta suka tsinto, kuraye sun yi kaca-kaca da ita.

Ran nan tsohuwarsu ta dawo daga bikin suna a Randagi, ba ta ji komai ba. Ta leƙa randar, ta yi murmushi.

"Alhamdulillahi, gansakukar nan ta mutu. Na kankare, na kankare, ta ƙi fita, shi ne na zuba mata toka da kanwa kafin in tafi. Abarshi, ina autana Ja'afaru? Kira min shi, na kawo masa zuma."