Saƙon da Auta Ta Goge

Tun ranar da Auta ta samu aiki a babban kamfani, yayarta ba ta sake jin daɗin abinci ba. Ita shekara shida tana tsaye a kantin magani har ƙafafunta suna kumbura, amma Umma ba ta taɓa kiran dangi a waya saboda ita ba. Auta kuwa, har maƙwabta sai da suka ji.

Wata safiya Auta ta turo saƙo a guruf ɗin gidansu, ta yi maza ta goge. Yaya ta wuni tana duba gurbin saƙon. Wace albarkar ce kuma ake ɓoye mata?

Da ta faɗa wa mai gyaran waya na gefen kantin, sai ya yi dariya. "Wannan ne ya hana ki sakat? Akwai wata manhaja, ba a rumbun manhajojin wayarki take ba, ni zan tura miki. Duk abin da aka goge sai kin gani."

Ba ta tambaye shi wa ya ƙera ta ba. Duk izinin da manhajar ta nema, ta danna masa. Sai dai saƙon Auta bai fito ba.

Bayan kwana biyu Auta ta rubuto mata ita kaɗai: "Yaya, rannan ke na so turo wa, hannuna ya kuskure." Ga hoton takardar asibiti. Ciwon ƙoda ne. "Don Allah kada Umma ta ji sai na fara magani, kin san hawan jininta."

Yaya ta zauna a kan kwali, kunya ta rufe ta. Amma ba ta cire manhajar ba.

Manhajar nan ba ta kulle saƙo, kwashewa take yi. A ƙarshen mako wasu da ba ta sani ba suka ƙwace asusunta na saƙonni, suka watsa hotunan da ke ciki ga duk lambar da ke wayar. Umma ta buɗe hoton takardar asibitin a tsakar gida, ta yanke jiki ta faɗi. Har yau hannunta na dama ba ya motsi.

A bakin ɗakin asibitin da aka kwantar da Umma, Auta ta dubi Yaya, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ke kaɗai na faɗa wa, Yaya."

Mai karatu, kada hassada ko son ganin ƙwaƙwaf su zaɓar maka manhaja. Ka sauke sananniya daga rumbun manhajojin wayarka, mai kulle saƙo tsakanin mutum biyu. Sirrin da ke wayarka ba naka ba ne kai kaɗai.