Mataccen Batir da Awon Suga

Ke da kike cewa abin hannunki bai kai ya yi komai ba, zauna ki ji. A wani ƙauye an yi wata mata da mijinta ke fama da ciwon suga. Kullum da safe sai ta ɗiga jininsa a 'yar na'urar awo kafin ta san ko allura za ta yi masa ko abinci za ta ba shi. Ran nan batirin na'urar, ɗan fele kamar maɓallin riga, ya mutu, kuma ba a sayar da irinsa sai a birni. Ga mutum kwance yana gumi, in ta yi kuskure ta kashe shi da hannunta. Ta ɗauki na'urar ta ruga wurin mai gyaran rediyo. Shi ma ba shi da komai sai tsohon batirin tocila da ya kusa ƙarewa, ƙarfinsa bai kai rabin abin da na'urar ke bukata ba.

Tana tsaye ya fasa mataccen ƙwan lantarki, ya ciro wani baƙin zobe, ya naɗa masa siririyar wayar tagulla, ya liƙa wata 'yar ƙwaya mai ƙafa uku. Ya ce ƙwayar nan ƙofa ce, tana buɗewa tana rufewa sau dubbai kafin ƙiftawar ido, zoben yana tara ɗan abin da ya samu yana tunkuɗa shi sama. Ya ƙara wata jar fitila don a ga aikinsa na ci, ya jona su tsakanin tsohon batirin da na'urar. Fitilar ta kama, na'urar ko motsi. Matar ta ce, "Malam, ɗan aiken naka ne ke cinye saƙon a hanya." Bai yi musu ba, ya sa almakashi ya datse jar fitilar da ke shanye wutar. Sai ga lambobi sun fito a fuskar na'urar, ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙe baki tana kallon batirin da ko yaro ba zai tsinta a bola ba, ta ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye ƙarfi a nan. Da ta koma gida ta auna jinin mijin, ashe sugan sauka ya yi, allurar da ta yi niyyar yi masa da ita ce ajalinsa. Ta dama masa zuma, kafin azahar ya tashi zaune.

Hausawa ba su yi ƙarya ba: da yayyafi kogi kan cika.